Jinin Zoɓo

Ni aka zaɓa in kwanta,
don duk matasan cocinmu ba wanda ya kai ni rashin nauyi,
kuma ba na iya haddace magana.
Nanret ta ce, "Kai dai ka mutu rabi,
sauran rabin ka bar mana."

Ranar Asabar, can bayan Gada Biyu,
inda kwalta ke ƙarewa duwatsu su karɓa,
suka yaga mini tsohuwar riga,
Kangyang ta kwara mini zoɓo a goshi,
ta bi da tumatirin gwangwani don ya yi kauri.
Makirufo na ɗaure a sandar goge ɗaki,
kyamara kuwa wayar Dachung ce mai tsagaggen gilashi.

Labarin kun san shi tun makarantar Lahadi:
matafiyi, 'yan fashi, bakin hanya,
da manya biyu da suka kau da kai suka wuce.
Mu dai mun musanya jaki da babur,
mun sa wa ɓarayin hular sanyi,
masauki ya koma kemis ɗin Mama Kaneng.

Na farko ya wuce da kwat ɗin aro yana duba agogo.
Na biyu ya wuce yana waya.
Na uku, mai tausayin, Longji,
tun ƙarfe tara layin gidan mai ya haɗiye shi.

Aka ce kar in motsa, kar jinin ya lalace.
Suka koma inuwar dutse suna ɓare gyaɗa.
Ƙudaje ne suka fara gano gaskiyar jinina.
Sanyin ƙasar Jos ya shiga ƙirga mini haƙarƙari.

Sai ƙarar birki.
Ba na babur ba, na keke mai ƙafa uku.
Salati na ji, wanda babu shi a takardarmu.
Hannu biyu suka shiga ƙarƙashin hammatata,
suna warin fetur da goro,
suna rawa.
"Yaro, kana ji na? Kar ka rufe ido.
Ɗan wace unguwa ne kai?
A'a, bari, ba sai ka faɗa ba."

Gicciyen wuyana ya zamo ya faɗa kan hannunsa.
Ya mayar mini da shi cikin riga
kamar uba yana gyara wa ɗansa maɓalli.
Ni da aka ce in mutu rabi,
na rasa da wane rabin zan ce masa wasa ne.

Nanret ta taho a guje, takalmi ɗaya a hannu:
"Baba, fim ne! Fim muke yi!"
Ya tsaya.
Ya shafi goshina, ya sansana yatsa, ya lasa.
"Har da citta," in ji shi.
Bai yi dariya ba.
Ya zauna a bakin kwalbati har numfashinsa ya dawo.
Ya ce ya taɓa ɗaukar wani a wannan hanyar,
shekarun baya,
wancan ba zoɓo ba ne.
Bai ƙara ba. Mu ma ba mu tambaya ba.

Malam Tasi'u sunansa, daga Gangare.
Fasinjojinsa biyu tuni sun tari wani keken.
Muka wanke masa kujera da ruwan leda uku.
Ya ƙi kuɗi. Ya ƙi fitowa a fim.
"Ni, da waɗannan haƙoran?"

Da ya tafi Dachung ya duba waya:
caji ya mutu tun wucewar mai kwat.
Ko daƙiƙa ɗaya ba mu kama ba.

Longji ya iso rana tsaka da mai a gora.
Ya ɗauke ni sau bakwai,
ya yi hawaye da taimakon albasa,
kowa ya ce ya iya.

Daren da aka haska a coci, a kan farin zanin gado,
janareta na tari, zumuntar mata na guɗa,
yara na nuna ni da yatsa,
ni hannun Longji kawai nake kallo:
ga shi nan, tsaf, a ƙarƙashin kaina,
ko kaɗan ba ya rawa.