Taka Laka

A bakin kogin Dhaleshwari muke zaune,
ƙasar da ba ta da dutse ko na jifan kare.
Mai son dutse a nan, sai ya toya abinsa.

Kuɗin ƙasarmu taka ake ce masa,
sunan kuwa ya dace:
sai ka taka laka, ka taka ta har gwiwa,
kafin taka guda ta kwana a aljihunka.

Ni ne Mofizul. Daga Satkhira na zo da bashi,
na ci kuɗin rani tun damina ba ta ɗauke ba.
Tun kafin asuba nake tsugune.
Jiya aka haƙo yumɓu daga gonar wani,
aka jiƙa shi ya kwana, injin ya tattauna shi
kamar saniya mai tuƙa.
Na yanko curi, na mirgina shi a yashi
don kada ya riƙe akwatin,
na maka, na danne, na share baki da zare,
na kife.
Ɗaya.
Saura dubu ba ɗaya ba, kafin rana ta faɗi.

A gindin akwatin akwai haruffa uku,
sunan mai wurin, an sassaƙa shi a juye.
Ban yi karatu ba, amma babban yatsana ya haddace su.

Kwana biyar rana na shan ruwan jikinsu,
muna juya su gefe kamar marasa lafiya.
Sai Shefali ta naɗa gammo,
bibbiyu, bibbiyu, har goma,
na ƙarshen jefa su take, ba ta duba,
wuyanta ya san lissafin da baki bai sani ba.

Can kan matoya Horipodo ke yawo
da takalmin katako, don roba narkewa take.
Ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya zuba kwal cokali guda.
Shi launin wuta yake karantawa.
In ya yi gyangyaɗi, layi guda ya fito fari,
in ya yi zafin hannu, su fito baƙi, a murɗe.
Waɗannan na Anowara ne da gudumarta,
tana zaune ƙarƙashin laima tana mai da su tsakuwa.
Mu gina, ita ta fasa, duk albashi ne.

Mai kyau, in ka gwara biyu, ƙara yake kamar ƙarfe.

Ranar wata Talata Tuni ta kuɓuce wa uwarta,
ta bi sahun ɗanyen tubali da gudu.
Guda ta taka sosai: dunduniya, yatsu biyar,
daidai kan sunan mai wurin.
Ƙa'ida a mayar da shi laka.
Na duba hagu, na duba dama,
na cusa shi tsakiyar tari.

Yanzu yana Dhaka, ban san unguwar ba,
cikin bangon wani bene, siminti ya rufe masa fuska.
Gidana kwano ne da gora,
amma 'yata ta riga ni hawa sama.

Hadari ya fara haɗuwa daga kudu.
Gobe ko jibi a kashe wuta,
ruwa ya shafe filin, kifi ya bi layin da na tsuguna,
dogon bututun hayaƙi ya tsaya shi kaɗai a tafki.
Shefali na ɗaure tukwane.
Mai littafi ya ce saura taka dubu huɗu a kaina.