Mutumin Texas da Ke Dafa Mana Wake

A hawa na huɗu, cikin lungun Barcelona
inda shanya ke hana rana sauka ƙasa,
nan Ned Harlow ya zauna shekara talatin,
kuma Ned Harlow mahaifiyata ce.

Remei Casademunt, haka yake a takardar haya.
A bangon littafi kuwa ƙato ne ɗan Texas,
malafa a ka, bindiga biyu a ƙugu,
wanda bai taɓa wanke tukunya ba.

Ba ta taɓa hawa doki ba.
Dokin da ta sani na mai kawo gawayi ne,
gurgu, mai tari kamar tsohon mashayi,
shi ta mayar ingarma a littafi saba'in.
Hamadarta taswira ce da na sato a makaranta,
gindin kofi ya zana mata tabki a tsakiya,
sai ta raɗa wa tabkin suna,
ta nutsar da mutum uku a ciki kafin la'asar.

Shafi casa'in da shida, kowace Juma'a.
Ba ƙari, don takarda kuɗi ce,
ba ragi, don mai ɗab'i ya iya ƙirga.
Tafireta na kuka, wake na tafasa,
ta kan tashi tsakiyar harbe-harbe ta zuba gishiri,
ta bar jarumi da harsashi a iska
har sai ta ɗanɗana.

Mai gidan haya ya mutu sau goma sha ɗaya a hannunta,
kowane karo da sabon suna, gashin bakin dai nasa ne.
Ranar biya sai ta gaishe shi da ladabi,
kamar ba jiya ta jefa shi rijiya ba.

Mai tace littattafai ya kan dawo da jan alƙalami:
rigar nan ta yi gajarta, alƙalin nan ya cika zalunci.
Sai ta tsawaita rigar,
ta matsar da alƙalin ƙetaren kogi, can Mexico,
inda zalunci ba ya ɓata wa hukuma rai.

Wata safiya a cikin taragu
wani birkila, siminti har gira,
ya ɗago daga littafinta ya ce da abokinsa:
wannan mutumin ya taɓa kisa, daga ji ka sani.
Tana tsaye a kansa da kwandon albasa.
Bai ba ta wurin zama ba.
Dariyar da ta riƙe ta kai ta har gida,
ta sake ta a bakin ƙofa, har da hawaye.

Na taɓa tambayarta, yaushe za ki rubuta na gaske,
mai sunanki, mai bango mai kauri?
Ta ce, takalmin ƙafarki na ƙarya ne?

Da ta rasu mutum tara ne a maƙabarta.
Jarida ba ta ce komai ba.
Amma har bana, a kasuwar tsofaffin littattafai ta Lahadi,
wani dattijo ya nuna min ɗaya, gefensa duk ya rube,
ya ce da wannan ya koyi karatu a barikin soja,
ya tambaye ni ko Harlow na nan da rai.

Na buɗe shafi na arba'in.
Ga wurin da ta tashi zuba gishiri:
ni kaɗai na san dalilin da jarumin ya yi shiru,
ya dubi tukunyar da ke kan wuta,
kafin ya juya ya harba.