Gwangwani Shida a Bayan Tucson

Asabar, bayan garin Tucson,
inda kwalta ta gaji ta sallama wa tsakuwa,
muka jera gwangwani shida kan katako.
Dogayen ƙyarana sun ɗaga hannuwa sama
kamar an ce kowa ya tsaya cak.

Tun a mota nake cika baki:
ni da na sha kakkaɓo kurciya da danƙo,
me bindigar fenti za ta nuna mini?

Na gyara gilashin fuska, na saita.
Tas! Dutse ya yi shuɗi.
Tas! Maƙwabcinsa ma.
Ƙadangare ya leƙo, ya gyaɗa kai, ya wuce.
Na ce iska ce.
Lantana ta ɗaga bakin mayafinta,
ko motsi bai yi ba.

Sai Kuluwa, 'yar shekara goma,
bindiga na rinjayar kafaɗarta,
ta ja numfashi, ta taɓa kunama.
Ƙwal! Gwangwani ya wuntsila.

"Baba, ido ɗaya ake rufewa, ba biyu ba."

Da la'asar muka tsince shararmu.
Duwatsun da na rina kuwa
na wanke su da ragowar ruwan gora,
ina ba su haƙuri ƙasa-ƙasa.