Akwati na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

A Oulu, cikin Janairu, rana ba ta leƙowa sai wajen goma,
ta ɗan tsaya kamar mai bin bashin da ya san ba za a biya ba,
ta koma.
Ni ce mai riƙe da makullan murya
a kamfanin masu gyaran famfo da tukunyar ɗumama gida.
Akwati talatin da bakwai ne a hannuna.
Wanda ya manta lambar sirri, ni zai nema.
Wanda gaisuwarsa ke cewa yana hutun bazara
alhali ƙanƙara ta kai gwiwa, ni zan ja masa kunne.

Ranar Litinin manaja Pelkonen ya ajiye mini 'yar takarda:
Taisto ya yi ritaya,
a share akwatinsa, a ba yaron nan Eemeli.

Aikin minti biyu ne, na sha yi.
A mayar da lamba sifili huɗu, a danna bakwai,
na'ura ta ce ka tabbata? a ce na tabbata.
Sai na tarar akwatin ya cika maƙil,
saƙo casa'in da tara, na ɗari ya rasa wurin tsugunno.
Ƙa'ida ta ce kwana talatin, saƙo ya mutu.
Ashe duk ƙarshen wata Taisto na bin su ɗaya bayan ɗaya,
yana danna tara, yana ƙara musu kwana.

Na ce bari in ji ko ɗaya.
Muryarsa ce. Shi ke kiran kansa.

"Gidan Aune Moilanen a Tuira,
famfon ƙasa hagu ake murɗa shi,
bahago ne ya haɗa. Kada a yi gardama da ƙarfe."

"Toppila, bene na uku.
Karen ba ya cizo, uwar ɗakinsa ce abin tsoro."

"Tsohon nan na bakin kogi, tukunyarsa lafiya lau.
Kaɗaici ne ke yoyo.
A zauna a sha kofi, a rubuta rabin awa."

Sai a lokacin na gane.
Safar hannu ba ta riƙe biro,
kuma sanyin nan yana daskarar da tawada.
Shekaru mutumin nan yana tsaye a ƙofofin mutane,
sifana a hammata, waya a kunne,
yana zuba abin da ya sani a rijiyar da ni ke da guganta,
ban taɓa leƙawa ba.

Ban je cin abincin rana ba.
Na ɗauko littafin rasit da ya tsufa, na juya bayansa,
ina ji, ina tsayarwa, ina rubutawa,
har duhun ƙarfe uku ya rufe taga.
Casa'in da takwas suka shiga takarda.

Ɗaya ya ƙi.
Babu magana a cikinsa.
Numfashi ne, da ƙwanƙwasar bututu,
can sai ruwa ya motsa a cikin bango,
ya yi tari, ya kama hanya,
Taisto ya yi wata 'yar dariya ta hanci.
Daƙiƙa arba'in da ɗaya.
Wannan na tura shi akwatina, ban gaya wa Pelkonen ba.

Na danna bakwai. Na tabbata.

Eemeli ya ɗauki gaisuwarsa sau biyar kafin ya daina in'ina.
Ya karɓi littafin rasit ɗin yana juya shi
kamar an ba shi kifi bai san inda zai ajiye ba.

Jiya ina duba lissafin mako na ga fitilarsa tana ƙiftawa:
saƙo ɗaya, daga Tuira,
lambar mai kira da ta mai akwati duk ɗaya.
Ban saurara ba.
Na dai ƙara masa wuri zuwa ɗari biyu.