Ɗinkin Da Ya Tafi Teku

Ataa Kwei ne ya zo shagona a Sabon Zango,
yashi a ƙafa, ƙarnin kifi a riga:
"Tela, tashi, akwai aiki a bakin ruwa."

Ƙasan hasumiyar Jamestown na same shi,
fari fat, tsakanin kwale-kwalen masunta,
kamar balbela ta sauka cikin agwagi.
Ƙirar Faransa ne, in ji mai shi,
ya girmi matarsa da shekara biyu.
Na auna shi da ido, kamu ashirin bai cika ba.

Iska ta yaga musu zanen jirgi
tun daga wuya har gindi.
Shekara talatin ina yi wa mutane riga,
ban taɓa yi wa iska ba.

Na sunkuya na leƙa ciki.
Ɗakin bai kai shagona ba,
amma ga gado huɗu, ga murhu mai lilo,
tukunya a ɗaure kamar akuyar Sallah.
A jikin ƙofa an ja layuka da fensir,
tsawon 'yarsu ne, wata bayan wata.
Layi na sama an rubuta Dakar.

Allura uku na karya kafin azahar.
Keke ya ƙi, na koma hannu,
zare mai kakin zuma, da fata a tafi.
Yarinyar ta riƙe mini baki ɗaya,
ba Hausa, ba Faransanci,
sai dokunu da muka raba da barkono,
ta sha ruwa har kofi uku.

Kakana da jaki ya iso Salaga,
goro ya kawo shi, goro ya riƙe shi.
Mu jikoki muka gangaro Ankara,
teku ta ce mana iyaka ke nan,
muka juya mata baya, muka kafa keke.

Ranar Laraba suka ɗaga.
Zanen ya cika ya yi tumbi,
na hango layina, rawaya a kan fari,
don farin zare ya ƙare mini.
Ataa Kwei ya ce ba zai kai Lome ba.
Na ce mu sa sidi hamsin.

Har yau babu wanda ya biya wani.
In an idar da la'asar nakan sauko
in ɗan tsaya,
almakashi a aljihu.