Laima Biyu

Daren da zan bar Tudun Jukun
an ɗauke wuta tun magariba.
Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida,
na zube duniyata a kai:
shadda huɗu, biyu ko ruwa ba su taɓa gani ba,
babbar riga mai aska takwas
da wani dattijo a Anguwar Liman ya yi wata uku yana tsira wa allura,
huluna shida a cikin kwali,
bargo, dutsen guga,
da takalmin fata na marigayi Baba.

Kawu Tanimu ya shigo da fitilar ƙwai.
Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana jan mota
daga Kwangila zuwa Fatakwal,
albasa a tafi, manja a dawo.
Ya ɗaga jakata, ya dire.
Ya ce, "Kai za ka ɗauke ta,
ko ita ce za ta ɗauke ka?"

Ya ce, "Zafin nan namu mai kunya ne.
Ya gasa ka a hanyar Ƙofar Doka,
ka sami gindin mangwaro, ku rabu lafiya.
Na can ba ya sallama.
Ya bi ka ɗaki, ya hau katifa, ya riga ka kwanciya.
Iskar kamar ka leƙa tukunyar dambu.
Ka fito wanka,
kafin maɓalli na uku ka sake jiƙewa."

Bargo ya fara tafiya.
Sai dutsen guga.
Shadda ya murza tsakanin yatsu, ya girgiza kai:
"Wannan sitacin, kwana ɗaya zai zama kunu a bayanka."
Babbar rigar ya daɗe yana kallo,
ya naɗe ta da hannu biyu kamar mai miƙa jariri,
ya ce wa Inna ta sa a adaka.

Abin da ya rage bai cika faifai ba.
Riguna uku na farar auduga, shara-shara:
ɗaya a jiki, ɗaya a igiya,
ɗaya tana jiran ta biyun ta bushe,
don a can wanki sai ya kwana biyu yana shawara.
Wando biyu. Silifas na roba.
Hula ɗaya, wadda ba za ka yi kuka ba in ta tafi.
Hodar ƙurajen zafi, gidan sauro,
soso, sabulun salo,
yaji a kwalba, ban da leda, a murɗe bakin da kyau.

"Laima biyu ce a garin nan," in ji shi,
"wadda ke shiga kaya cikin dare ba ka gani,
da wadda kake buɗewa a ka.
Ta biyun ka saya in ka sauka.
Ta farkon kyauta ce."

Na sa hannu kan takalmin Baba.
Ban ce komai ba.
Shi ma ya yi shiru, fitila tana ta cin kananzir.
Can ya ce, "Na taɓa barin irinsa sati biyu a ƙarƙashin gado.
Na dawo na tarar ya yi furfura, kore da fari.
Bar shi nan, Lawandi.
Mutum ya bar abin da zai dawo dominsa."

Da asuba, a tasha,
kwandasta ya miƙo hannu zai jefa kayana a but.
Na ce a'a.
Na ɗora jakar a cinya,
ba ta kai nauyin ɗan akuya ba.
Muna wuce Gwargwaje na tuna
ban tambayi Kawu ba
ko kewa ma tana fumfuna a can,
ko ita kaɗai ce ke isa a bushe.