Kwana Tara

Wata goma sha huɗu wayar Mati ba ta yi ƙara ba.
Na sani, don ni ke riƙe da ita,
ni ke karanta mashi saƙo
tun ranar da katangar wasu ta rufto mashi a Ƙofar Sauri
yana ɗauke da kwanon siminti,
ta bar mashi baki da hannuwa,
ta tafi da ƙafafu.

Dubu takwas duk wata, haka aka rubuta.
Sun zo sau shida, suka ɗauke ɗif.
Na je ofis, aka ce ana tantancewa.
Na koma, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya.
Na koma har bencin ya gane zanena.

Ciwo kuwa bai san tantancewa ba.
Sama'ila mai kemis ya buɗe mana shafi,
shafi ya haifi shafi.
Iya Dudu ta riƙa zuba koko tana jan layi da gawayi
a bayan ƙyaurenta na Rafindadi.
Keken ɗinkina ya tafi jingina,
na bi shi da ido har kwanar masallaci.

Sai wata Talata, bayan isha'i,
wayar ta yi tsalle a kan tabarma.
Dubu ɗari da goma sha biyu.
Na karanta sau uku, ya ce in ƙara.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ce gobe in ciro, mu sallami mutane.
Ya ce, Turai, bar su su kwana.
Ni ban taɓa kwana da kuɗi ba,
kullum a hanya muke gaisawa.
Suka kwana tara.
Kowace safiya sai in nuna mashi lambar,
ya dube ta kamar mai duban jariri.

Rana ta goma Malam Rufa'i ya yi sallama,
da kwamfuta a hammata, da ladabinsa,
har takalmi ya cire.
Ya ce akwai ƙa'ida:
wanda asusunsa ya haura dubu hamsin
ya fita sahun mabukata.

Na ce, Malam, kuɗin nan ai naku ne da suka makara.
Ku kuka tare ruwa shekara da wata biyu,
ku kuka fasa madatsar dare ɗaya,
yanzu kun zo kun ga tsakar gida jiƙe
kuna cewa a fadama muke zaune?

Ya sunkuyar da kai.
Ya ce, Hajiya, na'ura ba ta ganin jiya.
Abin da ta tarar shi take ƙirgawa.
Na miƙa mashi littafin Sama'ila,
ya ce babu gurbin da zai sa shi.

Da yamma maƙwabcinmu Ɗan'azumi ya leƙo ta katanga:
ai da kun sayi akuya,
akuya ba ta da lambar asusu.

Na biya kemis sittin da ɗaya.
Iya Dudu ta goge gawayinta da tara.
Talatin da takwas suka dawo da kekena,
ya zo da tsatsa a ƙafa.
Saura dubu huɗu.
Attajirin Rafindadi ke nan,
kwance yana jiran in juya shi kafin bayansa ya yi gyambo.

Yau na karɓo takardar koke.
Suna, unguwa, irin lalura,
sai wani layi: abin da ya mallaka.
Na tsaya da biro a sama.
Mati ya dubi rufin ɗaki, ya daɗe.

Ya ce, rubuta kwana tara.
Su kam nawa ne,
ba wanda ya bi ni bashinsu.